Daga ina aka hango gidan? Nazari kan hoton 3D na masu zanen gini a Maraɗi

Mai niyyar gini a Maraɗi yau ba ya gamsuwa da zanen takarda mai layuka da lambobi. Ko a unguwar Zariya filinsa yake, ko Ali Ɗan Sofo, ko can hanyar Jiratawa, so yake a turo masa gidan a waya, da fenti da tagogi, ya nuna wa iyali kafin a zuba tifa ɗaya ta yashi. Wannan hoto, wanda kowa ke kira 3D, har ya yi ɗabi'un da ake gane shi da su: sama garau ba ƙurar hunturu, ciyawa shar ko a watan bazara, mota sabuwa fil a ƙofa. Waɗannan kwalliya ce, kowa ya san kwalliya ce, ba wanda suke ruɗa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne wanda ba ya fitowa a hoton, wato kyamarar da aka ɗauke shi da ita.

Aikin hawa biyu ne. Mai zane yana tayar da ginin a manhaja ɗaya, galibi SketchUp ko ArchiCAD, sannan ya kai shi wata, kamar Lumion ko Twinmotion ko Blender, inda za a sa masa haske da inuwa. Kowace manhaja da tata kyamarar, kuma kowace kyamara tana da kusurwar gani, ma'ana yawan abin da take haɗiyewa daga inda take tsaye, ana auna shi da digiri. Mai zane ya zaɓi wuri a SketchUp, mai gida ya gani ya ce wannan ya yi, sai a kai ginin manhaja ta biyu hoton ya fito daban, gidan ya taso kamar zai faɗo wa mai kallo, ko ya ja baya ya ƙanƙance. Alhali ba a taɓa ko bulo ɗaya ba.

Dalilin shi ne manhajojin ba su yi ittifaƙi kan abin da suke aunawa ba, kamar yadda tiya ba ɗaya ba ce a kowace kasuwa. SketchUp yana buɗewa da digiri 35, kuma daga sama zuwa ƙasa yake nufi. Injin Unreal, wanda aka gina Twinmotion a kansa, daga hagu zuwa dama yake aunawa, kuma kyamararsa ta asali digiri 90 ce. Blender yana farawa da gilashi mai milimita 50, kusan digiri 40 ke nan, yana ɗora su a kan gefen hoton da ya fi tsawo. A hoto mai fasalin 16 a kan 9, digiri 35 na tsaye daidai suke da kimanin 58 da rabi na kwance. Wanda ya kwafi 35 ya zuba a akwatin da ke jiran awon kwance ya matse ganinsa, tsayin da ya rage masa digiri 20 ne kacal, shi ya sa rufin bene ke yankewa. Akwai kuma ƙarin wahala: tunda tsaye SketchUp ya riƙe, faɗin abin da yake nunawa yana bin faɗin tagar allon ne. Buɗe wani akwatin kayan aiki a gefe kawai ya isa ya sauya shi.

Wasu sukan ce to a bar digiri a koma milimita, ai ita ce yaren masu hoto. Nan ma akwai rami. Milimitar gilashi ba ta da ma'ana sai an san girman fim ɗin da ke bayansa, kuma ma'aunin da duniya ta saba da shi, 36 a kan 24, gadon kyamarar Leica ne da ta shiga kasuwa a 1925. SketchUp yakan nuna digiri 35 ɗinsa a matsayin milimita 57, lissafin da ba ya fita sai an ɗora 36 ɗin nan a tsaye, inda sauran ke ɗora ta a kwance. Saboda haka 57 ɗinsa ba 57 ɗin Blender ba ce. A hoto 16 a kan 9, wajen 32 ya kamata a rubuta.

Gyaran da aka fi yi shi ne mafi muni, a ja kyamara gaba ko baya har hoton ya yi kama da na farko. Sauya kusurwa ba ya taɓa alaƙar abubuwa da juna, yankan hoton kawai yake ƙarawa ko ragewa. Amma da zarar an matsar da kyamara, ginshiƙin baranda ya rufe tagar da da take a buɗe, tankin ruwan da ke saman bene ya ɓuya ko ya bayyana. Hoton da mai gida ya amince da shi ya tafi ke nan. Akwai hanyoyin haɗa manhajojin kai tsaye, irin su LiveSync na Lumion, da masu zama cikin SketchUp kamar V-Ray da Enscape, suna rage wannan ciwon kai. Sai dai ba kowace kwamfuta ke iya ɗaukar manhaja biyu masu nauyi a lokaci guda ba, balle ga mai aiki yana tsere da ɗaukewar wuta.

Duk wannan matsalar mai zane ce. Inda ta shafi aljihun mai gida shi ne lokacin da aka buɗe kusurwar da gangan. A ɗauki falo mai mita 4 a kan 4, kyamara tana jingine da bangon ƙofa. Da digiri 60 na kwance, bangon da ke fuskantarta zai cinye kusan kashi 87 cikin ɗari na faɗin hoton, mutum ya ga ɗaki daidai girmansa. Da digiri 90, bangon nan rabin faɗin hoton kawai zai ci, sauran duk bangayen gefe ne da tayil da silin suna gudu zuwa gare shi, falon ya zama kamar zauren taro. Mai zane zai ce dole ce ta sa, ƙaramin ɗaki ba ya shiga hoto sai da faɗin kusurwa, kuma yana da gaskiya. Laifin da nake gani shi ne rashin faɗa. Uwargida da ta zaɓi kujeru bisa wannan hoton, ranar tarewa za ta sani.

A waje ma haka ne. Gida mai fuskar mita 15, in ana so ya shiga hoto baki ɗaya da digiri 35 na kwance, sai an ja baya kusan mita 24. In layin unguwar mita 10 ne, kyamarar tana tsaye ne a tsakar gidan maƙwabci, wurin da mai gida ba zai taɓa tsayawa ba. Maraɗi ta samu manyan tituna miƙaƙƙu bayan ambaliyar Gulbi ta 1945, da aka kwashe garin zuwa tudu, amma ba kowane fili ke bakin babban titi ba, kuma a tsofaffin unguwanni lunguna sun fi yawa.

Gwajin da ke tona asiri tsoho ne. A farkon ƙarni na 15, Brunelleschi ya zana wani gini na Florence a kan allo, ya huda allon, ya sa mutum ya tsaya daidai inda ya yi zanen ya leƙa ta hudar cikin madubi, ya gwada zane da gini. Yau SketchUp yana da Match Photo, masu Blender suna da fSpy, duk aikinsu ɗaya: a ɗauki hoton filin na gaske, a bi layukan da ke cikinsa, a gano inda mai hoton ya tsaya da kusurwar gilashinsa, sannan a dasa ginin a ciki. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana kusa da milimita 26, wato digiri 67 zuwa 70 a kwance. Sharaɗin shi ne kada a yanke hoton, don yanka yana kawar da tsakiyarsa. Kuma hoton da ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto yakan iso ba bayanan gilashinsa, gara a turo shi a matsayin fayil.

Maginan gargajiya, zuriyar sana'ar su Falke Barmu wanda ya fara masallacin Yama a 1962 har ya ci lambar Aga Khan a 1986, a ƙasa suke shata ɗaki, mai gida ya shiga cikin shatar ya taka ya ce a ƙara ko a rage. Wannan awon ba ya buƙatar fassara, kuma har gobe ba abin da ya hana mai zane ya haɗa shi da hotonsa, ya buga turaku ya ja igiya a filin. Ga wanda zai biya kuɗin 3D kuwa, tambaya biyu sun ishe shi: digiri nawa ne, kuma daga ina aka tsaya? Sai ya nemi a ƙara masa hoto ɗaya daga tsayin idon mutum, wajen mita 1.6, a tsallaken layinsa, da katanga da get a rufe. Yawancin hotunan nan daga sama ake ɗaukarsu ko a cire katangar, alhali gidan Bahaushe da katangarsa ake gina shi, kuma ita mai wucewa zai fi gani.