Kwashe Shara ko Sarrafa Ta: Sharhi a kan Tsare-tsaren Shara na Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda sharhi ce a kan yadda hukumomi suka riƙa tsara al'amarin shara a birnin Kano da kewayensa, tun daga ƙarshen zamanin En'e zuwa yau. Abin da take so ta nuna shi ne, kusan duk tsarin da aka fito da shi yana auna nasararsa ne da yawan tifar da ta tashi daga bakin titi, watau da kwashewa. Alhali kuwa tambayar da ta fi nauyi ga birnin da yake son ya yi shirin shekara ashirin ko talatin ita ce: ina sharar take zuwa bayan an kwashe, kuma wa zai amfana da ita, wa zai cutu? An zaɓi Kano ne domin ta taɓa samun amsar wannan tambaya da kanta, ba da takarda ba, ba da hukuma ba, daga baya amsar ta kuɓuce mata.

Ya kamata a fara da kalmomi, tun da yawancin mahalarta wannan taro masu nazarin harshe ne. Shara ita ce abin da tsintsiya ta tara. In an fitar da ita daga gida an jibge, wurin ya zama bola ko juji. In kuwa ta kwana biyu ta ruɓe, aka ɗauke ta aka kai gona, sai sunanta ya koma taki. Abu guda ne, amma ya sami suna uku, kowane suna kuma zango ne a kan hanya. Tsare-tsaren hukuma, kamar yadda za mu gani, a zango na biyu suke tsayawa.

2.0 Tsohuwar hanya: daga bola zuwa gona

Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano cikin 1851 ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin mutum dubu 30, ban da baƙin da fatauci yake kawowa da rani. Sharar irin wannan birni ba ta da wuyar sha'ani. Toka ce daga murhu, da kashin awaki da tumaki da ake kiwo a cikin gida, da ƙaiƙayi da dusa, da ganye, da ƙasar da aka sharo daga tsakar gida. Duk abin da ke ciki ƙasa tana iya cinye shi.

Saboda haka ne manoman karkarar Kano suka ɗauki bolar birni a matsayin dukiya. Da rani mutum zai ɗoro wa jakinsa itace ko kara ya shigo birni ya sayar, in zai koma ya cika mangala da taki ya kai gona, ya jera shi tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960, ya nuna cewa zuba taki kowace shekara yana daga cikin manyan dalilan da suka sa ake noma gonakin da ke kewaye da birnin shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba, duk da yawan jama'ar da ke kansu. Watau birni yana cin hatsin karkara, karkara kuma tana cin sharar birni. Ba a biyan jaki albashi, ba ya bukatar kayan gyara daga waje, kuma yana shiga lungun da mota ba za ta taɓa shiga ba.

Kada a ɗauka cewa wancan zamani aljanna ne. Matafiyan ƙarni na 19, irin su Clapperton da shi Barth, sun koka da ɗoyin ruwan Jakara da na kududdufai, kuma lalle cututtuka sun yi ta'adi. Abin lura kawai shi ne, sharar tana da mafita, mafitar kuma tana da mai so.

3.0 Abin da ya katse hanyar

Abubuwa uku suka haɗu. Na farko yawan jama'a: ƙidayar 1963 ta ba Kano mutum kusan dubu 300, ta 2006 kuwa ta ba ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye kusan miliyan uku. Gonakin da jaki yake kai wa taki cikin sa'a guda sun zama unguwanni, gona ta yi nisa. Na biyu takin zamani, wanda gwamnati ta riƙa sayarwa da rangwame mai yawa, musamman daga shirin ciyar da ƙasa na 1976.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran ɓarna, shi ne leda. Da can ganye ko takarda ko ƙwarya ake sa cefane a ciki. Da leda ta shigo, sa'an nan ruwan leda ya biyo baya cikin shekarun 1990, sai kowace bola ta gauraye da abin da ba ya ruɓewa. Binciken da Chris Lewcock ya wallafa cikin 1995 ya tarar manoman kewayen Kano suna nan suna neman sharar birni, har suna biyan direbobin tifa su juye musu a gona, amma ga leda da kwalba sun zame musu ƙarin aiki. Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo ko ta Wudil da rani ya ga gonaki suna walƙiya da ledar da iska take kaɗawa. Mahauta kuma shaida ne a kan dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki. Wannan batu yana da muhimmanci ga mai tsari, domin yana nuna cewa kasuwar taki ba ta mutu ba, hajar ce ta lalace.

4.0 Tsare-tsaren hukuma

Kano ba ta rasa tsari a takarda ba. Akwai shahararren tsarin nan na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda Trevallion ya shirya aka buga cikin 1966. Wa'adinsa ya cika fiye da shekara arba'in da suka wuce, birnin kuma ya daɗe da tsallake iyakar da aka zana masa. Cikin 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, tsarin En'e ya kau, duba-garin da matan aure suke tsoro ya rasa ƙarfinsa na da. Cikin 1985 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sanya tsabtace muhalli cikin shirinta na yaƙi da rashin ɗa'a, daga nan al'adar sharar ƙarshen wata ta samo asali. Cikin 2003 aka kafa hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB. Cikin 2021 aka miƙa aikin ga wani kamfani mai zaman kansa bisa yarjejeniya mai dogon wa'adi, ba a je ko'ina ba aka warware ta, aikin ya koma hannun hukuma.

In aka jera waɗannan matakai za a ga sun yi tarayya a abu guda: kowannensu canjin mai kwashewa ne. Yau En'e, gobe ƙaramar hukuma, jibi hukumar jiha, gata kamfani. Inda ake kai sharar bai canja ba. Har ila yau akwai ruɗani a doka, domin jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sanya kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, alhali hukumar jiha ce take riƙe da motoci da kuɗin aikin a cikin birni. In bola ta tare hanya, kowa yana da wanda zai nuna da yatsa.

Sharar ƙarshen wata ta cancanci a yi mata adalci: tana tuna wa jama'a cewa kwatar ƙofar gidansu tasu ce. Amma a matsayin tsari rauninta a fili yake. A hana zirga-zirga na 'yan sa'o'i, a yashe kwata a tara a bakin titi, in mota ba ta zo ba ruwan sama na farko ya mayar da abin inda aka ciro shi. Birnin da yake fitar da shara kullum ba a yi masa maganin wata-wata.

Akwai kuma batun kayan aiki. Motar nan mai matse shara an ƙera ta ne domin sharar biranen Turai, wadda yawancinta takarda ce da kwali da gwangwani, abu mai girma marar nauyi. Sharar Kano kuwa tana da ƙasa da toka da yawa, ga danshi da damina. Ba ta matsuwa, sai dai ta cinye ƙarfen motar. Wannan dalili ne kuma ya sa ya kamata a yi hattara da alkawarin samar da wutar lantarki ta hanyar ƙona shara, wanda ake yawan ji daga bakin 'yan kwangila. Ƙasa da toka ba sa ci da wuta, jiƙaƙƙen ganye kuma sai an busar da shi.

4.1 Kududdufi a matsayin juji

A nan ne nake ganin kuskuren ya fi tsanani, saboda haka zan ɗan daɗe a kai. Kududdufan Kano ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa. Da suka zauna sai suka sami aiki na biyu, watau karɓar ruwan sama daga lunguna su riƙe shi har ya tsotse ko ya gangara Jakara a hankali. Da shara ta rasa mafita, sai aka ga rami ne a kusa, kyauta. Jama'a suka zuba, hukuma ma ta zuba, har manyan ramuka irin na Kotu Rod da na Maimalari suka yi shekaru suna karɓar tifa. In rami ya cika sai a baje shi a yanka filaye, a ce an raya wuri.

Asarar ta kasu biyu. Ruwan da kududdufin yake shanyewa yana nan yana sauka kowace damina, sai dai yanzu cikin gidajen mutane yake kwana. Na biyu kuma ba ya ganuwa. Juji na ƙa'ida ana shimfiɗa masa yumɓu ko roba mai kauri a ƙasa, a yi masa hanyar tara baƙin ruwan da yake tsatsowa daga ruɓaɓɓiyar shara, a riƙa rufe abin da aka zuba da ƙasa kullum, a fitar da iskar gas da take taruwa a ciki domin kada ta kama da wuta. Kududdufi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Baƙin ruwan nan, tare da abin da ya kwaso daga tsohon batir da sharar asibiti, ƙasa yake bi, kuma a ƙasan nan rijiyoyin unguwa suke. Gidan da aka gina a kan tsohon juji kuma yana zaune ne a kan abin da bai gama lotsawa ba.

Wanda yake ganin an cika tsoratarwa ya tuna da jujin Koshe na birnin Adis Ababa, wanda ya zaftare cikin watan Maris na 2017 ya hallaka mutum fiye da 100. Shi ma a bayan gari yake lokacin da aka fara zuba masa shara, birni ne ya je ya same shi. Darasin ga mai tsari shi ne, filin juji ana keɓe shi tun shekaru kafin a bukace shi, a yi masa shinge a doka, domin filin da yake daji a bana unguwa ne nan da shekara goma.

5.0 Waɗanda tsarin ya manta

Duk da wannan, ana sake sarrafa shara a Kano kullum, kuma ba hukuma take yi ba. 'Yan jari-bola suna bin juji da lunguna da buhu ko baro suna tsintar ƙarfe da dalma da roba da kwalba. Suna kai wa 'yan gwangwan a ɗora a sikeli a biya su. Daga nan ƙarfe ya tafi masana'antun narkarwa, tsohuwar roba a niƙe ta ta koma bokiti da buta da silifas, gwangwanin lemo ya koma tukunya a hannun maƙera. Wannan ma ba sabon abu ba ne ga Bakano, wanda ya daɗe yana yin aci-balbal da gwangwanin madara, yana yin guga da tsohon tiyub.

Amma hukuma ba ta cika tuna waɗannan mutane ba sai ranar da aka sace murfin kwata ko wayar wuta. Gaskiya ne akwai ɓata-gari a cikinsu, kuma gaskiya ne akwai yara ƙanana da suke tona bola da hannu ba safa, ba takalmi, abin da bai kamata a yi shiru a kansa ba. Sai dai maganin wannan rajista ce da kayan kariya da wurin aiki sananne. Birnin Alƙahira ya gwada ɗaya hanyar cikin 2003, lokacin da ya ba kamfanonin ƙasashen waje kwangila ya ture masu tara shara na gargajiya da ake kira Zabbalin. Kamfanonin ba su kai su iya tsincewa ba, daga baya hukuma ta koma neman hanyar shigar da su cikin tsari.

Abin da 'yan jari-bola suke bari shi ne abin da ba shi da kasuwa: siririyar leda, da ruɓaɓɓen abu da ya gauraye da ita. Game da leda, Ruwanda ta hana ta cikin 2008, Kenya cikin 2017, Nijeriya kuma ta fito da manufar ƙasa a kan sharar roba cikin 2020. Hani a Kano kaɗai zai yi wuya, ganin yawan masu cin abinci a masana'antar da kuma dogaron talaka da ruwan leda, amma ɗora wa masu sarrafa ta wani kaso na kuɗin tattaro ta abu ne mai yiwuwa. In leda ta sami farashi, ko kaɗan ne, masu tsintarta suna nan a shirye.

Ruɓaɓɓen abu kuwa a raba shi tun daga tushe, kuma ba sai an fara da gidaje ba. A fara da inda yake fitowa da yawa kuma kusan tsantsa: kasuwar 'Yankaba ta kayan gwari, da 'Yan Lemo, da mayanka, da kasuwannin dabbobi. Motar da ta sauke tumatir da albasa a 'Yankaba sau da yawa wayam take komawa karkara. In aka keɓe fili a gefen kasuwa inda za a tara ɓawo da ruɓaɓɓen kaya a riƙa juya su na 'yan makonni har su nuna, motar nan tana iya komawa da taki mai tsabta, a lokacin da kuɗin buhun takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na motar matse shara guda ba, kuma masu unguwanni da shugabannin kasuwa sun fi kowace hukuma sanin wanda za a damƙa wa filin.