Ungozomar Ɗakin Haihuwa: Gwanar da Ta San Lokaci

Idan mace ta hau gwiwa a Karfi ko ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Malumfashi, bakin kowa addu'a ɗaya yake yi: Allah ya raba lafiya. Malamar ɗakin haihuwa ita ma tana amsawa da amin, amma idonta na kan agogo. Da yawa sun ɗauka aikinta karɓar jariri ne da yanke cibiya. Abin da ta yi shekaru tana koyo ya wuce nan: ta bambance naƙudar da za a bari ta yi tafiyarta, da wadda za a ce a nemo mota yanzu-yanzu.

Ku dube ta lokacin da aka shigo da mai naƙuda. Takan murza tafukanta su ɗumama, ta ɗora a saman ciki, ta gangaro gefe da gefe, ta dire a mara. Kafin ta ɗaga hannu ta san inda kan ɗa yake, da inda bayansa ya kwanta, da ko ya zo a gicciye. Da yatsunta biyar take auna yadda kan ya nutse cikin ƙugu. Sai ta ɗauko ɗan ƙahon saurare, ta kafa shi daidai bayan jaririn, ta manna kunne. Zuciyar ɗan cikin da ke lafiya tana bugawa tsakanin sau 110 zuwa 160 a minti guda. Duk rabin awa sai ta sake saurare, kuma ta fi so ta ji da zarar murɗawar ciki ta lafa, domin a nan ne ɗan da ya galabaita yake tona kansa. Takan bar hannunta a kan ciki minti goma cur tana ƙirga zuwan ciwo. Bayan kowace awa huɗu ta duba bakin mahaifa, wanda sai ya buɗe santimita 10 kafin a ce wa uwa ta yi nishi. In faya ta fashe ba ta barin a goge sai ta ga kalar ruwan. In ya fito kore-kore, yaro ya yi kashi a ciki ke nan, dole a ƙara sa ido.

Duk wannan tana zuba shi a takarda guda mai layuka. Likitoci biyu, Philpott da Castle, suka fito da tsarinta a 1972 a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, domin ungozomar da ke nesa da likita ta gane da wuri cewa naƙuda ta tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ta a 2020. Kai ka ce don irin garuruwanmu aka yi ta. Tiyata da ƙarin jini sai babban asibitin Malumfashi ko na Funtua, abin da ya gagara kuma sai Shika a Zariya. Ga hanyoyin ƙauye da damina, ga rashin tsaro da ya sa tafiyar dare ta zama abin fargaba. Wadda ta ce a tafi da la'asar ta ceci ran da mai jira sai tsakar dare kan rasa. Doguwar naƙuda kuwa mun san ƙarshenta: kan ɗa ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu, ɗan ya tafi, uwar ta tashi da yoyon fitsari. Asibitin Babbar Ruga a Katsina ya shafe shekaru yana ɗinke wannan ɓarna.

Abin da ya fi burge ni ba ya cikin takardar. 'Yar fari a ƙasar Hausa ba ta ihu. Kunya ta hana. Sai malama ta karanta ciwon a zufar goshi, da yadda yarinyar ta damƙe ƙarfen gado. Ta sunkuya ta ce, “Sannu ƙanwata, kada ki yi nishi tukuna, ja numfashi.” Sannan ta tambayi uwar miji cikin ladabi, “Inna, me aka ba ta ta sha a gida?” Ba da faɗa take tambaya ba, don ta san in ta tsawata ba za a faɗa mata gaskiya ba. Ta leƙa waje wurin mai gida: “Malam, ba wai abin ya ɓaci ba ne. So nake ku isa Malumfashi tun tana da ƙarfinta.” Shawo kan namijin da ke lissafin kuɗin mota alhali masara ba ta shigo gida ba, wannan ma gwaninta ce, kuma a bakin aiki ake koyonta.

Da jariri ya faɗo dangi kan ɓarke da barka da arziki. Ita kuwa a lokacin hankalinta ya fi tashi. Cikin minti guda take yi wa uwa allurar da ke tsuke mahaifa. In mabiyiya ta fito sai ta shimfiɗa ta, ta jujjuya, ta tabbatar ba guntun da ya maƙale. Ta shafa mara ta ji ko mahaifar ta dunƙule ta yi tauri. Jinin da ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiya-wata guda, ya shiga haɗari, ido kuma yakan raina jinin da zane ya tsotse. Wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero cikin jagororinsa, ya nuna cewa auna jinin da leda mai ma'auni, tare da haɗa magungunan a lokaci ɗaya, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin 100. Mafi yawan wannan aiki hannun ungozoma ne ke yinsa. Jaririn da bai yi kuka ba shi ma minti guda gare shi: a tsane shi, a murza bayansa, in bai numfasa ba a hura masa iska da 'yar jakar numfashi.

'Yan matan da ke sha'awar aikin sukan tambayi ta ina ake shiga. Ƙofar tana kusa, don a Malumfashi akwai makarantar ungozoma ta jiha. Ana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji. Karatun shekara 3 ne. Wadda ta riga ta zama nas takan ƙara wata 18. Akwai kuma na ungozomar karkara, shekara 2. Lasisin aiki daga majalisar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa yake fitowa. Tambayar da ta fi yawa ita ce ko aikin dare yana tafiya da aure. Yana tafiya, in an yi maganar tun kafin a ɗaura, miji ya san haihuwa ba ta san Sallah ba, ba ta san dare ba. Wahala kam akwai ta: ma'aikata sun yi kaɗan, wata rana da fitilar waya ake ɗinki.

Iyayen Karfi, matanmu sun fi sakin jiki da mace 'yar uwarsu, mai jin harshensu, wadda ta san gidansu. In kuna da 'yar da ta iya kimiyya kuma jini ba ya firgita ta, ku kai ta Malumfashi ta karanta, ta dawo ta yi mana aiki a gida.