Schinkel da Yayin Sake Gina Gine-ginen Jiya a Jamus

An haifi Karl Friedrich Schinkel a garin Neuruppin a 1781. Yana ɗan shekara shida gobara ta cinye garin, mahaifinsa kuma ya rasu jim kaɗan bayan haka. A Berlin ya koyi zanen gini a hannun David Gilly da ɗansa Friedrich, sannan ya zaga Italiya daga 1803 zuwa 1805. Da ya dawo, yaƙin Napoleon ya tsayar da harkar gini, sai ya riƙa neman abinci da zanen hotuna da ƙawata dandalin wasan kwaikwayo.

Bayan ƙurar yaƙi ta lafa, gwamnatin Prussia ta damƙa masa manyan ayyuka a Berlin: ɗakin dogarai na Neue Wache, da gidan wasa na Schauspielhaus, da gidan tarihi na Altes Museum da aka buɗe a 1830, dukkansu da ginshiƙai irin na Girkawan dā. Amma ziyarar da ya kai Ingila a 1826, inda ya ga masaƙun Manchester, ta buɗe masa ido. A 1836 ya kammala makarantar magina ta Bauakademie da jan bulo tsirara, babu shafe, ta yadda mai kallo ke ganin inda nauyin ginin ya sauka. Ya rasu a 1841.

Gwamnatin Jamus ta Gabas ta rushe Bauakademie a 1962. Yanzu kuwa yayin maido da gine-ginen jiya ya kankama: an kammala sake gina cocin Frauenkirche na Dresden, wanda yaƙi ya rushe, a 2005, an sake tayar da fadar sarakunan Berlin, a 2016 kuma majalisar dokokin Jamus ta ware Yuro miliyan 62 domin Bauakademie.

Kewar abin da yaƙi ya ci ba laifi ba ce, kuma a Dresden an mayar da tsofaffin duwatsun cocin cikin ginin. Fadar Berlin kuwa kankare ce aka sa wa tsohuwar riga. Yi wa Bauakademie haka zalunci ne ga Schinkel, domin darajar ginin ita ce bai ɓoye kayan aikinsa ba, kuma ya amsa buƙatar zamaninsa. Abin da ya dace shi ne a kiyaye girmansa da tsarinsa da bulonsa, a bar maginan yau su warware matsalolin yau, wato zafi da tsadar makamashi da hayaƙin da masana'antar siminti ke fitarwa.