Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012: Abin da Ta Gyara da Abin da Ya Rage Mana a Zango

Ya 'yan'uwa masallata da ɗalibanmu na makaranta, sharhinmu na wannan fitowa a kan wata dokar ƙasa ne da ta shafi kusan kowane gida a Nima da Maamobi, amma kaɗan ne a cikinmu suka san da ita. Za mu fara da abin da ya sa muka nemo ta muka karanta.

Bara, bayan sallar La'asar, aka shigo mana da wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a Kasuwar Makola. Wata biyu ke nan da haihuwarta, barci ya ƙaurace mata, ba ta cin abinci, tana cewa jaririn ba nata ba ne. Dangin miji suka ce aljanu ne, uwarta ta ce sammu ne daga wata abokiyar kasuwa. Kafin su iso gare mu an riga an kai ta wurin wani mai magani, ya sa mata mari a ƙafa har ƙafar ta yi gyambo. Muka yi mata ruƙya, muka ce lallai a kai ta asibiti. A can aka yi mata tambayoyi da Turanci, ƙanin mijinta, saurayi, shi ke tafinta. To, wace mai jego ce za ta buɗe cikinta a gaban ƙanin miji? Duk da haka aka ba ta magani, ta fara samun sauƙi. Da watan Ramadan ya kama sai ta ajiye maganin don ta yi azumi, ciwon ya dawo. Ma'aikatan ba su yi mata zancen azumi ba. Mu ma, Allah Ya yafe mana, ba mu gaya mata cewa shari'a ta ba mara lafiya rangwame ba.

Dokar da muke magana a kanta ita ce Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa mai lamba 846, wadda Majalisar Ghana ta zartar a 2012. Ta maye gurbin dokar soja ta 1972, ita kuma waccan ta gaji dokar Turawan mulkin mallaka ta 1888, wadda tunaninta bai wuce a kama mai taɓin hankali a kulle ba. Asibitin masu taɓin hankali na Accra da aka buɗe a 1906 daga wancan tunani ya fito, shi ya sa har yau tsofaffinmu ke jin sunansa kamar an ce gidan yari.

Adalci ne mu fara da abin yabo. Dokar ta kafa Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa. Ta ɗauki mai wannan larura a matsayin mutum mai haƙƙi wanda ba a azabtar da shi, ba a tozarta shi. Ta karkata ga a kula da mutum kusa da danginsa maimakon a jefa shi wani wuri mai nisa a manta. Kuma ba ta yi kamar ba ta san da masu maganin gargajiya da na addini ba, ta sa su cikin waɗanda hukuma za ta yi aiki da su, ta kuma sa musu ido. A shekarar da aka yi dokar, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan ɗaure marasa lafiya da sarƙa a sansanonin addu'a, kuma a 2017 shugaban hukumar na lokacin, Dakta Akwasi Osei, ya sanar da haramta wannan ɗauri. A 2023 Majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffukan da ake gurfanar da mutum a kansu. Haramcin kashe kai a addini yana nan daram, amma wanda Allah Ya kuɓutar da shi daga wannan likita yake buƙata da 'yan'uwa masu tausayi, ofishin 'yan sanda ba zai warkar da shi ba.

To, ina gizo ke saƙa? Na farko, nisa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku, wato na Accra, da Pantang, da Ankaful kusa da Cape Coast, duk a kudu suke. Yarinyar da ta taso daga Walewale ko Tamale tana dakon kaya a Makola, in ciwo ya kama ta aka mayar da ita gida, ta yi nesa da su. Na biyu, kuɗi. Dokar ta ce kulawar kyauta ce, ta kuma tanadi asusu, amma iyalai da yawa a unguwanninmu sun san yadda ake rubuta musu takarda a ce su je su sayo magani a waje.

Na uku, wanda ya fi damunmu, shi ne harshe da al'ada. Karaya ana ganinta a hoton asibiti, zazzaɓin cizon sauro ana ganinsa a jini, amma ciwon ƙwaƙwalwa da magana ake gano shi. Zango kuwa tarin harsuna ne: Hausa, Dagbani, Kotokoli, Zabarmanci, Fulatanci, Moshi. Bahaushiya ba za ta ce tana da ciwon damuwa ba. Cewa za ta yi ƙirjinta ya yi nauyi, ko kanta na yawo, ko zuciyarta ta ɓaci. Wanda bai san wannan ba zai ba ta maganin ciwon kai ya sallame ta. Haka kuma mutumin da ya ce yana fama da waswasi a alwala, yana wanke hannu sau ashirin, yana buƙatar mai sauraron da ya san mece ce alwala, ya kuma san inda taka-tsantsan na ibada ya ƙare ciwo ya fara. Haƙƙin da aka rubuta a takarda ba ya isa ga mutum sai ya zo masa da harshen da yake ji.

Amma fa, jama'a, kada mu ɗora komai a kan gwamnati. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mun yi imani da samuwar aljanu, kuma ruƙya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta halas ce. Sai dai wa ya ba mu ilimin gaibu da za mu rantse cewa duk wanda hankalinsa ya gushe aljani ne ya shige shi? Yaron da tramadol ya lalata wa kai a lungunan Nima, da mai farfaɗiya, da mai jego irin wadda muka ambata, duk kuɗin goro muke yi musu. Duka da ɗauri da hana abinci kuwa zalunci ne, ko da wanda ya yi yana karatun Alƙur'ani a lokacin. Ɗalibanmu sun karanta a fiƙihu cewa an ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin ibada. Allah Ya ɗauke masa nauyi, mu kuma mu rataya masa sarƙa?

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashin masoyi, da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya danganta na biyun da jiki, ya ce shi ma a yi masa magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Saboda haka kai mara lafiya wurin likita gadonmu ne.

Binciken zamani ma ya nuna hanya. A 2020 mujallar likitoci ta Lancet ta buga aikin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Kumasi da Ibadan, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa wurin masu maganin gargajiya da na addini suna duba marasa lafiya tare. Bayan wata 6, waɗanda aka kula da su ta haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Wani binciken da Farfesa Angela Ofori-Atta ta jagoranta a sansanin addu'a na Mount Horeb a Mamfe, wanda aka buga a 2018, ya nuna magani ya rage ciwon, amma kwanakin da mutane ke yi a sarƙa ba su ragu a zo a gani ba. Ka ga ke nan ƙwayar magani ba ta kwance sarƙa. Sai zuciyar mai ɗaurin ta sauya, wannan kuwa aikin mimbari ne.

Hukuncinmu a kan dokar shi ne: ginshiƙinta mai kyau ne, amma har yanzu ba ta koyi harshen Zango ba. Muna kira ga hukuma ta samar da tafintoci, musamman mata, a asibitocin da ke kusa da mu, ta kuma zauna da limamai kafin kowane Ramadan a kan zancen magani da azumi. Mu kuma a namu ɓangaren, duk wanda aka kawo mana za mu yi masa addu'a, sannan mu haɗa shi da mai rakiya zuwa asibiti, mace ta raka mace. Ba za mu ce wa kowa ya ajiye maganinsa ba. Ɗalibanmu, musamman 'yan mata, masu sha'awar aikin jinya da likitanci su dubi wannan fanni, domin mai jin Hausa da Larabci da Turanci a ɗakin likita rahama ce ga al'umma. Kuma mu hana yaranmu bin mara lafiya a titi da jifa da kiran "mahaukaci".

Waccan baiwar Allah ta koma kan maganinta, ta koma rumfarta a Makola, tabon mari na nan a ƙafarta. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya ba dukkan marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana hankulanmu da imaninmu.