Daga Tukurwa zuwa Gilashi: Kayan Ɗaki a Cikin Birnin Kano

Tebur baƙo ne a gidan Bakano, sunansa ma na aro ne. A ƙasa mutanen cikin ganuwa suka saba zama: tabarma, buzu, kujerar tsuguno ta mata, da tumtum na fata da dukawa ke ɗinkawa a cusa masa audugar rimi. Gado kuwa ko na ƙasa ne wanda magini ke ɗorawa tare da ɗakin, ko na kara, ko na tukurwa ga mai hali. Har yau ana samun tumtum a Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), sai dai masu sayensa yanzu ado suka fi nema.

Aure ne ke juya sana'ar kayan ɗaki. Iyayen amarya ke yin kayan ɗaki, ranar jere kuma idon dangin miji na kan kowane abu, don haka duk abin da ya fi sheƙi a zamaninsa shi ke cin kasuwa. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 kayan Turai suka yawaita, gadon ƙarfe mai rumfa ya ture na tukurwa, ana jibga masa katifu har sai amarya ta taka wani abu kafin ta hau. Daga baya fomika ta zo. Asalinta sunan wani kamfanin Amurka ne, Formica, da aka kafa a 1913, kuma ba komai ba ce illa takardu da aka jiƙa da danƙo aka matse. Da ita kafinta ke lulluɓe katako mai araha ya fito kamar na gidan sarki, a jera kwanuka da tangaran a kabad.

Teburin yayi na yau haɗe-haɗe ne. Mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe daga Ƙofar Ruwa ya fesa masa ruwan gwal, a ɗora gilashi ko allo mai zanen marmara. Jikin kuwa galibi MDF ne, wato garin katako da aka cuɗa da gam, irin wanda ake sarowa a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Wasu matasan kan naɗe tsohuwar taya da igiya su mayar da ita teburin tsakar ɗaki.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin fasalin daga hoton waya ake kwaikwayo, na gidajen Turkiyya da Dubai, ba a auna shi da Kano ba. MDF ba ya shiri da ruwa: 'yan watanni ana goge ƙasa, sai gindin teburin ya kumbura ya fara zubar da gari. Hunturu na ɗaga bakin abin da aka manna, gara kuma na jiran nata rabon. Ga lungunan Yakasai da Dandago waɗanda mota ba ta shiga. Kayan da ba a kwancewa sai a ka ko a kura, kuma sau da yawa ƙofar zaure ke yanke hukunci. Shi ya sa gogaggen kafinta ke fara auna ƙofa kafin ya auna ɗaki, ya yi wa teburin ƙafafun ƙarfe don ya ɗaga shi daga laima, ya haɗa shi da kusoshi masu kwancewa maimakon gam.