Ji Babu Gani: Saɓanin Ruwaya a Tarihin Ƙagaggiyar Duniyar Tamriel

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabi sun saba da ƙagaggen labari wanda yake da mai ba da labari guda, wanda ya san komai, kuma abin da ya faɗa shi ne ya faru. A ƴan shekarun nan an sami wani nau'in ƙagaggen labari da ba a littafi yake zaune ba, a cikin wasannin kwamfuta yake, inda ake ƙera duniya sukutum da ƙasashenta da sarakunanta da addinanta da tarihinta. Wannan takarda za ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan duniyoyi, wato Tamriel ta jerin wasannin The Elder Scrolls, domin a ga yadda aka gina tarihinta. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, ƙarfin wannan tarihi yana cikin rashin mai ba da labari guda da za a dogara da shi, kuma a wannan wurin ne rauninsa yake ɓuya. An fi mai da hankali a kan wasan Morrowind, saboda a cikinsa ne dabarar ta fi fitowa fili.

2.0 Taƙaitaccen Bayani a kan Wasan

Kamfanin Bethesda da ke jihar Maryland ta Amurka ne ya ƙirƙiro wannan jerin wasanni. Na farko, Arena, ya fito a 1994, sai Daggerfall a 1996, Morrowind a 2002, Oblivion a 2006, sannan Skyrim a 2011. Dukkansu a nahiya ɗaya suke gudana, wato Tamriel, wadda aka kasa larduna 9 a ƙarƙashin wata daula mai hedikwata a Cyrodiil. Ana lissafin shekarunta da zamani-zamani, kowane zamani da nasa ƙidayar.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne hanyar da mai wasa yake samun wannan tarihi. Littattafai ne ɗaruruwa aka warwatsa a cikin duniyar, a kan kantoci da tebura da cikin kaburbura, mai wasa yana ɗauka ya buɗe ya karanta. Akwai na tarihi, akwai na wa'azi, akwai waƙoƙi da wasiƙu da takardun farfaganda. Galibinsu an jingina su ga wani marubuci na cikin duniyar, mai ƙabila da addini da ubangida. Ke nan duk abin da mai wasa ya sani game da zamanin da ya wuce, ji ya yi daga bakin wani mai ra'ayi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to a nan an hana shi ganin da zai kori jin.

3.0 Yaƙin Jan Dutse: Aukuwa Ɗaya, Ruwayoyi da Yawa

Labarin Morrowind yana faruwa a tsibirin Vvardenfell, a shekara ta 427 ta Zamani na Uku. Amma tushen rikicin yana can baya da fiye da shekara 3,500, a wani yaƙi da aka gwabza wajen shekara ta 700 ta Zamani na Ɗaya, a wani dutse mai aman wuta da ake kira Jan Dutse. Ga abin da kusan kowa ya yarda da shi. Al'ummomi biyu, Chimer a ƙarƙashin jagoransu Nerevar da Dwemer a ƙarƙashin sarkinsu Dumac, sun taɓa haɗa kai suka kori mayaƙan Nord daga ƙasar. Daga baya aka gano cewa wani masanin Dwemer mai suna Kagrenac ya tarar da zuciyar wani abin bauta, Lorkhan, a ƙarƙashin dutsen, har ya ƙera kayan aiki guda uku na tatsar ƙarfinta. Wannan ya ɓata amincin, yaƙi ya ɓarke. A ƙarshensa al'ummar Dwemer ta ɓace gaba ɗaya, Nerevar ya mutu, mashawartansa uku, wato Vivec da Sotha Sil da matarsa Almalexia, suka zama ababen bauta masu rai, launin jikin Chimer ya rikiɗe ya koma na toka, idanunsu suka yi ja, aka koma kiran su Dunmer.

Daga nan ne baki ya rabu. Ruwayar Haikali, wato hukumar addinin da ke bautar mashawartan uku, ta ce Nerevar raunukan yaƙi ne suka yi ajalinsa, kuma ukun sun sami matsayinsu ne ta hanyar nagarta da ilimi da albarkar kakanni. Ba a kawo zancen zuciya a cikin wannan ruwaya, domin kawo shi zai rushe tushen addinin.

Ruwayar makiyayan jejin toka ta saɓa da wannan ƙwarai. Su suna jingina labarinsu ga Alandro Sul, wani na hannun daman Nerevar a fagen fama. A wurinsu, mashawartan ne suka kashe ubangidansu ta hanyar sa guba a kayan tsafin da zai yi amfani da su, domin su mallaki kayan Kagrenac, kuma rikiɗar launin jiki la'ana ce da abar bautarsu Azura ta saukar saboda wannan cin amana. Ruwaya ce ta baka, ta mutanen da aka ture gefe, kuma dakarun Haikali suna farautar duk mai yaɗa ta. Wasu malaman Haikali da suka ɓalle ne suka rubuta ta suka adana a ɓoye.

Ruwaya ta uku daga bakin Vivec kansa take fitowa. Idan mai wasa ya kai gare shi, yakan musanta kisan, amma ya amsa cewa sun yi wa Nerevar rantsuwa ba za su taɓa kayan ba, kuma bayan mutuwarsa sun karya rantsuwar. Wato ya ƙaryata makiyaya a abu ɗaya, ya kuma ƙaryata Haikalinsa a wani. Ta huɗu ita ce ta Dagoth Ur, wanda wasan ya gabatar a matsayin babban abokin gaba. Shi a ganinsa shi ne aka zalunta: amanar kayan aka ba shi, yana cikin tsaron amanar aka far masa. Bayan waɗannan akwai bayanin wani masanin daula da ya kalli al'amarin a matsayin rikicin manyan gidaje, akwai kuma waƙoƙin Nord da suka sa nasu gwarzon a tsakiyar fage.

4.0 Nazarin Dabarar

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, babu ruwayar da aka bari ba tare da tabo ba. Haikali yana kare mulkinsa. Makiyaya suna da tsohuwar gaba da mutanen birni. Vivec wanda ake tuhuma ne yake ba da shaida a kan kansa. Dagoth Ur ya daɗe a manne da zuciyar har hankalinsa ya gurɓace. Akwai ma mutum ɗaya tak da ya rage daga Dwemer, Yagrum Bagarn, wanda mai wasa zai yi zaton a wurinsa za a kashe bakin zance. Sai ya tarar ba ya nan lokacin da abin ya faru, kuma cuta ta cinye masa tunani. Marubutan sun toshe kowace ƙofa da gangan.

Abu na biyu, saɓanin ya shiga har cikin zubin matani. Akwai jerin huɗubobi 36 da aka jingina wa Vivec, waɗanda Michael Kirkbride ya rubuta, cikin harshe mai duhu da kurman baƙi. A huɗuba ta ƙarshe, idan aka tsinci harafin farko na kowane sakin layi aka jera, sai su ba da kalmomi biyu na Ingilishi masu ma'anar mummunan kisa. Ga littafin da Haikali yake karantarwa don ɗaukaka Vivec, ga kuma abin da ya yi kama da iƙirarin laifi a ɓoye cikin haruffansa. Duk da haka ba za a ce an gama shari'a ba, domin a ko'ina cikin huɗubobin an nuna Vivec mawaƙi ne mai wasa da gaskiya. Mai karatu ne zai yanke ko iƙirari ne, ko kuwa wani sabon wasan ne.

Abu na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne matsayin da aka ajiye mai wasa. Fursuna ne marar asali da sarkin daula Uriel Septim na Bakwai ya aiko tsibirin, domin ya dace da wani hasashe na makiyaya cewa Nerevar zai dawo. Har wasan ya ƙare akwai damar a ce shi ne Nerevar ɗin da gaske, akwai kuma damar a ce ɗan leƙen asiri ne da ya cika sharuɗɗan hasashen ɗaya bayan ɗaya har mutane suka sallama. Don haka tambayar wa ya kashe Nerevar ta zama tambaya a kan mai wasa kansa, da kuma wanda ya cancanci ya riƙe ƙasar. Da yawan ƙagaggun duniyoyi tarihinsu ado ne da ake rataya wa labari a baya. A Morrowind kuwa da tarihin ake faɗa, kamar yadda ake faɗa da takobi.

Wannan aiki na auna ruwayoyi ba baƙo ba ne ga ɗalibin adabin baka, wanda ya san bambancin tarihi da tarihihi. Duk wanda ya nemi labarin Sarauniyar Lugu da artabunta da rundunar Voulet da Chanoine a 1899 zai tarar da takardun Faransawa, da abin da ake faɗa a baka, da littafin Abdoulaye Mamani na 1980, da fim ɗin Med Hondo na 1986, kowanne da inda ya karkata. Tambayoyin da ake yi a can su ne ake yi a nan: wa ya faɗa, daga wa ya ji, me zai samu idan aka yarda da shi, me ya tsallake. Bambancin kawai shi ne, a Lugu akwai abin da ya faru da gaske ko da ba a kai gare shi ba, a Jan Dutse kuwa babu komai a bayan ruwayoyin sai su kansu.

5.0 Inda Dabarar Ta Yi Rauni

Wannan bambanci na ƙarshe shi ne ya buɗe ƙofar matsala. Tunda babu wata gaskiya a ƙasa, kamfani yana iya fakewa da saɓanin ruwaya duk lokacin da ya so sauya abu. Misali biyu sun isa.

Wasan Daggerfall yana ƙarewa ta hanyoyi daban-daban, gwargwadon wanda mai wasa ya miƙa wa ikon wani ƙaton mutum-mutumi mai suna Numidium. Da aka zo ci gaba da labarin, sai aka rasa wadda za a ɗauka. Mafitar da aka samo ita ce a ce lokaci ne ya tsage, duk ƙarewar suka faru tare, aka wayi gari ƙananan masarautu fiye da 40 na yankin sun koma 4. Akwai hikima a cikin wannan, domin an girmama zaɓin kowane mai wasa, an kuma mai da matsalar sana'a ta zama tatsuniyar addini. Sai dai tana da tsada. Idan har abubuwa masu karo da juna za su iya zama gaskiya a lokaci guda, to wahalar da mai karatu ya sha wajen auna ruwayoyi ta tashi a banza, tunda kowa ya yi daidai.

Misali na biyu ya fi wannan rauni. Wani ɗan littafin jagora da ya fito tare da wasan Redguard a 1998 ya siffanta Cyrodiil da cewa ƙurmi ne mai duhu. Da Oblivion ya fito a 2006, sai ga lardin ya zama filaye da dazuzzuka irin na Turai. Daga baya aka shigo da matanin da ke cewa wani sarki ne ya sauya yanayin ƙasar da ikonsa, da wani da ke cewa mai kwafar littafi ne ya yi kuskure. A nan saɓanin bai taso daga bukatar wani tauraro na cikin labari ba. Faci ne aka yi wa riga bayan ta yage.

Daga wannan za a iya fitar da ma'auni. Saɓanin ruwaya yana da daraja ta adabi idan kowace ruwaya tana da mai ita, mai abin da zai rasa idan aka ƙaryata shi. Vivec zai rasa bautar da ake yi masa, makiyaya za su rasa dalilin juriyarsu. Amma babu wanda zai rasa komai a cikin Tamriel idan Cyrodiil ƙurmi ce ko fili, in ban da kamfanin da ya sauya shawara.

6.0 Kammalawa

An ga yadda marubutan Morrowind suka cire mai ba da labari masanin komai, suka maye gurbinsa da shaidu masu son rai, ta yadda mai wasa ya koma mai binciken isnadi. An kuma ga yadda wannan dabara take zama mafaka idan aka yi amfani da ita don rufe ɓaraka. Ga ɗalibin da zai yi nazarin irin waɗannan matani, ko na wasan kwamfuta ne ko na bakin tsofaffi, bai wadatar ba ya lissafa ruwayoyi ya ce sun saɓa. Aikin da ke gabansa shi ne ya bi kowace ruwaya har gidan mai ita, ya gano abin da take karewa. Fiye da shekara 20 bayan fitowar wasan, masu sha'awarsa ba su daina gardama a kan mutuwar Nerevar ba, alhali batun ƙurmin Cyrodiil ya fi zama abin barkwanci a tsakaninsu.