Layin da ke Ƙarƙashin Mahaɗi

Tun lokacin burauzar Mosaic, wadda ta fito daga Jami'ar Illinois ta Amurka a 1993, mutane suka saba da abu guda: kalmar da ke da launin shuɗi, an kuma ja mata layi a ƙasa, ita ce mahaɗi, wato wadda ake dannawa a tafi wani shafi. Wadda aka riga aka danna sai ta koma ruwan algashi mai duhu. Ba wanda ya koyar da wannan a aji, ido ne ya haddace. Daga baya masu tsara shafuka suka fara ganin layin a matsayin datti, suka riƙa goge shi don kwalliya. Google ma ya cire shi daga sakamakon bincikensa a 2014. A can ana iya yi masa uzuri, domin kowane kanu a jerin an san mahaɗi ne. Inda abin ya zama illa shi ne tsakiyar sakin layi, inda mahaɗi ke zaune cikin 'yan'uwansa kalmomi.

Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, waɗanda ƙungiyar W3C ta fara fitarwa a 1999 ta kuma sabunta a 2008, 2018 da 2023, sun hana a dogara da launi kaɗai wajen isar da bayani. Dalilin a fili yake. A cikin Turawa, kusan namiji 1 cikin 12 ba ya bambance wasu launuka, musamman ja da kore. Ga dattijon da idonsa ya fara hazo, ga mai duba waya a tsakar rana, hasken ya cinye fuskarta. Duk waɗannan, layin ne ke nuna musu inda za su taɓa.

Wanda ya nace sai ya cire layin, akwai lissafi a gabansa. Dole launin mahaɗin ya bambanta da farin shafi da ma'aunin 4.5 zuwa 1, ya kuma bambanta da baƙin rubutun da ke kewaye da shi da 3 zuwa 1. Launukan da ke cika sharuɗɗan biyu kaɗan ne ƙwarai, kuma idan rubutun toka-toka ne, kamar yadda ake yayi yanzu, sai su ƙara ƙaranci. Shuɗin nan na asali da burauza ke sanyawa ma bai kai 3 zuwa 1 ba idan aka gwada shi da baƙi. Ashe tun farko layin ne yake ɗauke da rabin aikin.

Wikipedia, har da ta Hausa, tana ɓoye layin sai an kai linzamin kwamfuta kan kalmar. Na fahimci damuwarsu, domin maƙala guda tana iya ƙunsar ɗaruruwan mahaɗai. Amma mai waya ba shi da linzami, yatsa yake da shi, kuma yawancin masu karanta Hausa a intanet da waya suke yi. A ganina tsarin shafukan gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, ya fi adalci: layi yana nan koyaushe, kuma wanda ke tafiya da madannai maimakon linzami, duk mahaɗin da ya tsaya a kai sai ya haskaka da ruwan ɗorawa.

Makaho kuwa ba ruwansa da shuɗi ko layi. Manhajar da ke karanta masa shafi, NVDA ko JAWS ko VoiceOver, tana iya tattaro masa mahaɗan shafin gaba ɗaya ta jero su. Idan marubuci ya cika shafinsa da “danna nan”, abin da bawan Allah zai ji ke nan ana ta maimaitawa, bai san wanne ke kai shi fom ɗin neman aiki ba, wanne ke kai shi talla. Wannan laifin na mai rubutu ne, ba na mai zane ba, kuma gyaransa kalmomi biyu ne zuwa huɗu: “sauke fom ɗin rajista”, “jadawalin jarrabawa”, “lambobin wayar ofis”.